Ma'auni Ɗaya na Gane Mabuƙaci

Duk wanda ya zauna a ƙasar Dawakin Tofa, ko a Kwa, ko Tumfafi, ko Jalli, ko Marke, ya san yadda aka saba: kowace hukuma da ta yi nufin rabon taimako takan zo da takardarta, ta sauka a ƙofar dagaci, ta nemi sunayen mabuƙata, masu taki su rubuta nasu, masu hatsi su rubuta nasu, masu kuɗi ma haka, har ya zamana mai uwa a gindin murhu ya shiga takarda uku, alhali tsohuwar da ke riƙe da marayu a ƙarshen unguwa ba ta shiga ko ɗaya ba.

Domin maganin wannan illa ne Gwamnatin Tarayya, a shekarar 2016, da rancen dala miliyan 500 daga Bankin Duniya, ta kafa ofishin NASSCO, ta ɗora masa alhakin haɗa rajista guda ta marasa galihu, wadda kowace ma'aikata za ta riƙa ɗaukar sunaye daga cikinta. Ƙa'idar kuwa ita ce a tara mutanen gari, maza daban, mata daban, matasa daban, kowane rukuni ya faɗi alamomin talauci a wurinsu, ya lissafa gidajen da suka fi shan wuya. Bayan an daidaita sunayen, sai ma'aikata su bi gida gida suna tambayar yawan iyali, da irin rufin ɗaki, da inda ake ɗiban ruwa, da abin da aka mallaka, sa'an nan na'ura ta jera gidajen bisa gwargwadon buƙatarsu. Daga wannan rajista aka fara biyan naira 5,000 a wata, har da kuɗin Abacha, dala miliyan 322.5, da Suwizalan ta maido a 2017.

Gane mabuƙaci ba sabon al'amari ba ne a wurinmu, domin malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da tantance masu cin zakka, suka ce faƙiri shi ne wanda abin hannunsa ba zai kai shi shekara ba, kuma suka yi hukuncin a gaskata mai da'awar talauci matuƙar zahirinsa bai ƙaryata shi ba. A ganina sun fi na'ura fahimtar manomi, saboda sun auna shi da shekara, ita kuwa tana auna shi da ranar da aka zo.

Ɗauki magidanci a Tattarawa wanda ɗansa ya tafi ci-rani Ikko, ya aiko aka yi wa ɗaki rufin kwano. Mai tambaya ya ga kwano, ya ga tsohon babur a zaure, ya rubuta, ya wuce, ba tare da ya leƙa rumbu ba. To, gonar gado an raba ta har ta koma 'yan kunyoyi, geron da aka girbe ya ƙare tun kafin shuka, kuma a tsakiyar damina, sa'ad da manyan motoci ke ta lodi a kasuwar Dawanau, shi da tiya yake awo, wani lokaci ma bashi. Ga kuma gidan gandu, inda 'yan'uwa uku da matansu ke cin tukunya ɗaya, a rasa ko gida ɗaya za a ƙirga ko uku. Ga mai kunya, wanda ya gwammace ya kwana da yunwa da a ambaci sunansa a bainar jama'a.

A watan Yulin 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni ke ciki, ta nuna shakku kan sahihancin rajistar, ta nemi jihohi su haɗa nasu. Amma idan kowane gwamna ya buɗe littafinsa, ai an koma gidan jiya, kuma an buɗe wa siyasa ƙofa. Da aka zo rabon naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15, sai aka shardanta lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, wadda ta toshe wa masu sunayen bogi hanya, amma ta bar tsofaffi da matan kulle da yawa a waje, tun da zuwa yin katin ma kuɗin mota yake ci.

Abin da ya kamata shi ne a riƙe rajista ɗaya, a riƙa sabunta ta a lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, a karanta sunaye a gaban jama'ar kowace mazaɓa, a kai masu yin NIN har ƙauye, sa'an nan Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano, wadda aka kafa a 2003, da masu rabon taki da masu tallafin asibiti su riƙa duba wannan littafi guda kafin su raba ko kwabo.