Wutar mota: Yadda kanikawan kamfani ke gano matsalar da ta gagari kwamfuta

Mota ta ƙi tashi da safe. An kira mai gyaran wuta, ya taɓa nan ya taɓa can, ta tashi. Bayan kwana biyu ta mutu a tsakiyar titi ana cikin cunkoso. An sake batir, an sake fulogi, an sake famfon mai, daga ƙarshe aka ce ƙwaƙwalwar motar ce ta ƙone, wato abin da kanikawa ke kira biren-bos. Mai mota ya ci bashi ya saya, amma mako bai zagayo ba matsalar ta dawo.

Duk wanda ya daɗe yana hawa mota ya san irin wannan labari. Matsalar wuta ta sha bamban da ta inji ko ta ƙafa, domin ba ta ƙara, ba ta yoyo, kuma sau da yawa takan ɓuya da zarar an shiga gareji. Hatta a manyan garejin wakilan kamfanonin motoci na Amurka da Turai da Japan, inda ake da kayan aiki na zamani, ita ce ta fi ba kanikawa ciwon kai. Bambancin shi ne, a can akwai tsarin da ake bi, akwai kuma wanda bakanike zai kira idan aiki ya cije.

Kwamfuta alama take bayarwa

Tun daga motocin shekarar 1996, dokar Amurka ta wajabta wa kowace ƙaramar mota tsarin binciken kai da ake kira OBD-II. Shi ne soket ɗin nan mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona kwamfutar duba mota. Turai ta bi sahu a 2001 ga motoci masu shan fetur, sannan masu shan dizal a 2004. Shi ya sa kusan duk motar Kwatano ko ta Beljiyam da ke kan titunanmu a yau tana da wannan soket.

Idan mota ta ga abin da bai yi mata ba, takan ajiye lamba. Lambar da ta fara da P ta shafi inji da giya, B jikin mota, C ƙafa da birki, ita kuwa U tana nufin na'urorin cikin motar sun daina jin juna.

A nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Lambar P0335, alal misali, tana nuna cewa ƙwaƙwalwar mota ba ta samun saƙo mai kyau daga layin sensar da ke ƙirga juyawar inji. Ba ta ce sensar ta mutu ba. Tana iya zama sensar, tana iya zama wayarta da ɓera ya ci, ko soket da tsatsa ta kama, ko kuma wutar da ke zuwa mata ta yi ƙasa. Haka P0171 ke cewa iska ta yi yawa a kan mai, abin da tsagaggen tiyo kaɗai zai iya jawowa. Wanda ya karanta lamba ya ruga kasuwa ya sayo kaya, lalube yake yi a cikin duhu.

Daga batir ake farawa

Abu na farko da ake koya wa bakanike a garejin kamfani shi ne ya tabbatar da ƙorafin da idonsa. Yaushe matsalar ke zuwa? Da sanyin safiya ko bayan inji ya yi zafi? Bayan ruwan sama ko idan an faɗa rami? An saka wa motar wani abu kwanan nan, kamar na'urar bin sawu ko manyan lasifika? Amsar waɗannan tambayoyi kan rage rabin aiki.

Daga nan sai batir. Lafiyayyen batir da ya cika yana nuna bolt 12.6 a mita idan mota na kashe. Lokacin da ake tayar da ita bai kamata ya faɗi ƙasa da kimanin 9.6 ba, idan kuma ta tashi, altaneta kan kai shi tsakanin 13.5 da 14.5 a yawancin motoci. Raunin batir kaɗai kan sa na'urori da dama su zubo lambobin ƙarya, har mutum ya ɗauka motar ta gama yawo.

Gwaji na gaba shi ne wanda ya fi raba gwani da ɗan koyo. Wayar da ta ruɓe, saura siririn zare ɗaya a cikinta, za ta nuna bolt 12 cif idan babu abin da ke jan wuta. Sai an kunna fitila ko fanka sannan asirinta ke tonuwa, kamar tiyon da aka taka: akwai ruwa a ciki, amma ba zai cika bokiti ba. Don haka ake auna waya tana cikin aiki, a ga nawa ne ke ɓacewa tsakanin farkonta da ƙarshenta. Idan asarar ta kai rabin bolt, akwai magana. Wayar nagatif da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota na cikin waɗanda suka fi yin wannan laifi, kuma gyaranta bai wuce a kwance ƙusa, a kankare tsatsa, a ɗaure ba.

Idan kuwa batir ke mutuwa cikin dare, ana rufe mota a jira na'urorinta su yi barci, sannan a auna abin da take ja. A yawancin motoci bai kamata ya wuce kimanin miliamp 50 ba. Idan ya zarce, sai a bi fiyus ɗaya bayan ɗaya har a kama ɓarawon.

Wayoyi biyu da ke riƙe da mota

Motar zamani na ɗauke da ƙananan kwamfutoci gommai: ta inji, ta giya, ta birki, ta jakar iska, ta ƙofofi. Galibi suna magana da juna ta wasu wayoyi biyu da aka murɗe tare, tsarin da ake kira CAN, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya gabatar a 1986, kuma ya zama dole a motocin Amurka daga 2008.

Hatsarin wannan tsari shi ne, na'ura ɗaya da ruwa ya shiga tana iya toshe bakin sauran duka. Fitilun gaban direba su kama gaba ɗaya, giya ta ƙi shiga, mota ta ƙi tashi, kwamfuta ta nuna U0100, wato an rasa ƙwaƙwalwar inji. Nan take sai a yanke wa biren-bos hukunci, alhali lafiyarsa lau.

Akwai gwaji mai sauƙi. A cire kan batir, a sa mita tsakanin rami na 6 da na 14 na soket ɗin OBD. A yawancin motoci lafiyayyen layi zai nuna om 60. Idan ya nuna 120, layin ya yanke a wani wuri. Idan ya kusa sifili, wayoyin biyu sun haɗe. Gwajin minti biyar ne, amma yana iya hana asarar dubban ɗaruruwan naira.

Idan aiki ya cije, wa ake kira?

Bakaniken wakilin kamfani ba shi kaɗai yake aiki ba. Yana da taswirar wayoyin kowace mota, launi da lambar kowace waya da inda ta bi. Yana da kwamfutar kamfanin, irin Techstream ta Toyota, wadda ke ganin abin da ƙananan na'urorin kasuwa ba sa gani. Yana kuma da takardun sanarwar gyara da ake kira TSB, waɗanda kamfani ke fitarwa idan ya lura wata matsala na maimaituwa a wani samfuri.

Idan duk wannan bai warware ba, sai ya buɗe ƙorafi a sashen taimakon fasaha na kamfanin. Ba a karɓar ƙorafin da baki kawai. Sai ya kawo lambar jikin motar mai haruffa da alƙaluma 17, da lambobin da kwamfuta ta nuna, da bayanan da motar ta ajiye a daidai lokacin da matsalar ta faru, da sakamakon kowane awo da ya yi. Wanda ke ɗaya ɓangaren yana ganin irin wannan ƙorafi daga garejoji masu yawa, don haka yana iya sanin cewa a wannan samfurin waya kan goge a bayan wani ƙarfe. Idan abin ya faskara, kamfani kan turo injiniyansa ya ga motar da kansa.

Tsarin na da nasa matsi. A garejoji da yawa na Amurka ana biyan bakanike ne bisa awannin da littafin kamfani ya ƙayyade wa kowane aiki, ko da ya shafe yini yana neman waya ɗaya. Kuma idan ya sake wani kaya a ƙarƙashin garanti, kamfani na iya neman a aiko masa da tsohon. Idan aka gwada aka ga lafiyarsa ƙalau, garejin ne zai ɗauki asarar. Wannan ne ke tilasta awo kafin sauyi.

Darasin makullin General Motors

Shi ma kamfani yakan gaza, kuma idan ya gaza, rayuka ake asara. Ƙananan motocin General Motors irin su Chevrolet Cobalt da Saturn Ion sun fito da mazaunin makulli mai sako-sako. Nauyin tarin makullai, ko gwiwar direba, ko girgizar hanya na iya juya makullin mota tana cikin gudu. Inji ya mutu, sitiyari da birki su yi tauri, jakar iska kuma ta ƙi buɗewa idan an yi karo.

A watan Disambar 2005 kamfanin ya aika wa wakilansa takardar sanarwa, yana ba da shawarar a ce wa direbobi su rage kayan da ke rataye a makullinsu. Binciken da lauya Anton Valukas ya jagoranta a 2014 ya gano cewa an cire kalmar da ke nufin mutuwar inji daga cikin takardar. Ke nan bakaniken da aka kawo wa mota da ƙorafin tana mutuwa a hanya, da wuya ya ci karo da sanarwar idan ya bincika. A 2006 kuma aka gyara kayan a asirce ba tare da an sauya lambarsa ba, abin da ya ɓatar da masu bincike shekaru.

Sai a 2014 aka yi kiranyen motocin, kimanin miliyan 2.6. Asusun diyyar da kamfanin ya kafa ya amince da mutuwar mutum 124, kuma a 2015 kamfanin ya amince ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 900. Kanikawa da dama sun ga waɗannan motoci a garejinsu, amma bayanin da zai kai su ga gaskiya bai iso gare su yadda ya kamata ba.

A garejinmu

Mafi yawan motocin da ke Kano da Kaduna da Abuja ba su taɓa shiga garejin wakilin kamfani ba tun da suka sauka daga jirgin ruwa. Mai gyaran wuta a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo ba shi da layin da zai kira, ga shi kuma yana karɓar motocin da suka sha wahala. Wasu ma ambaliya ce ta cinye su a Amurka kafin a yi gwanjonsu, kuma ruwan da ya kwanta a soket yakan ɗauki watanni kafin ya fara aikinsa.

Wasu matsalolin kuma mu ke jawo su. Cire kan batir inji na aiki don a gwada altaneta na iya ƙona na'urori. Haka ɗaura waya ko takardar sigari a madadin fiyus, da wanke inji da ruwa mai ƙarfi, da yin walda ba a cire batir ba. Cire tamostat a haɗa fanka kai-tsaye na sa inji ya ƙi kai zafin da aka tsara masa, ya riƙa shan mai. Wanda aka cire wa matatar hayaƙin salansa, wadda ake kira indomi, zai yi ta ganin P0420. Mafi muni shi ne a kashe fitilar gargaɗin gaba ɗaya don a sayar da mota, gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Sai dai ƙofar bayanai ba a rufe take kamar da ba. Bayan dokar 'yancin gyara da Jihar Massachusetts ta yi a 2012, kamfanonin motoci sun amince a 2014 su buɗe wa garejoji masu zaman kansu bayanan gyara a faɗin Amurka. Kamfanoni irin su Toyota na sayar da damar shiga taswirar wayoyinsu ta intanet na 'yan kwanaki ko na wata. Shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, yana nuna kiranye da sanarwar gyara kyauta, kuma duk mai motar da ta fito daga can zai iya sa lambar jikinta ya ga ko akwai kiranyen da ba a yi mata ba. Matambayi ba ya ɓata.

Shi kuwa mai mota, akwai abin da ke hannunsa. Ya rubuta lokacin da matsalar ke zuwa, ya ɗauki bidiyonta da waya idan ta zo. Kada ya bari a goge lambobi kafin a ɗauki hotonsu. Kafin ya biya kuɗin kaya mai tsada, ya tambayi awon da aka yi da ya nuna kayan ne ya lalace, ya kuma karɓi tsohon. Sannan ya yarda ya biya kuɗin bincike daban da na gyara, domin bakaniken da ba a biyan sa ladan awo, a wurin sayen kaya zai nemi nasa.