Tafkin Kainji: Arzikin Masunci Na Rataye A Kan Kula Da Gaɓa

NEW BUSSA, Jihar Neja – A duk shekara, daga kusan watan Maris har zuwa Agusta, ruwan Tafkin Kainji kan yi ta ja da baya sannu a hankali, ya bar wata doguwar shimfiɗa ta baƙar ƙasa mai danshi a gefensa. Kafin ruwan ya komo, manoma sun bi sawunsa da shinkafa da masara da wake, makiyaya sun gangaro da shanu, masunta kuma sun matsar da jiragensu zuwa sabon bakin ruwa. Wannan tsirin ƙasa da ke tsakanin tudu da ruwa shi ne wuri mafi daraja a yankin baki ɗaya, kuma yadda masu gonaki da tungaye ke sarrafa shi yana da hannu dumu-dumu a yawan kifin da ke isa kasuwannin Yawuri da Malale da New Bussa.

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a kan Kogin Kwara a 1964, aka kammala a 1968, sa'an nan shugaban ƙasa na mulkin soja na lokacin, Yakubu Gowon, ya buɗe ta a watan Fabrairu na 1969. Tafkin da ya taru a bayanta ya kai tsawon kimanin kilomita 136, faɗinsa kuwa wajen murabba'in kilomita 1,250 idan ya cika, a tsakanin jihohin Neja da Kebbi na yanzu. Mutane kimanin 44,000 ne aka tayar daga matsugunansu, ruwa kuma ya binne tsohon garin Bussa. Domin wutar lantarki aka yi aikin, kuma tashar, wadda kamfanin Mainstream Energy Solutions ya karɓi tafiyar da ita a 2013, an girka mata injunan da za su iya ba da megawat 760. Amma ga Sarkawa da Gungawa da Kambari da Lopawa da sauran mazauna bakin ruwan, kifi da noman gaɓa su ne ainihin abin da tafkin ya kawo.

Tarihin kamun kifi a tafkin ya isa abin lura. A 1971 an ƙiyasta kifin da aka kama da tan 28,600 da 'yan kai, amma zuwa 1978 ya faɗo zuwa kimanin tan 4,500. Masana sun danganta bunƙasar farko da ɗimbin ciyayi da itatuwan da ruwa ya shanye, waɗanda suka zame wa kifi abinci da mafaka. Da wannan garaɓasa ta ƙare, masunta kuma suka yi yawa, sai kamu ya ja baya. Tun daga lokacin, abin da ya rage wa kifi na ciyayi shi ne wanda ke tsirowa a gefen ruwa kowace shekara.

Dalilin haka a fili yake ga duk wanda ya san halin kifi. Karfasa a ruwa marar zurfi take gyara gurbinta ta zuba ƙwai. 'Ya'yan tarwaɗa da na falia da na giwan ruwa a cikin ciyawar gaɓa suke ɓuya, suna cin ƙananan ƙwari da gansakuka har su yi ƙwarin shiga tsakiyar ruwa. Idan aka share gaɓa ƙarƙaf, aka ƙone ciyawarta, aka sare itatuwanta, to ruwan sama zai kwaso taɓo kai tsaye zuwa cikin tafki, igiyar ruwa kuma ta riƙa ƙwaƙule gindin gona tana zabtare ta. Taɓon yana gurɓata ruwa ya hana hasken rana ratsawa, ya kuma rufe guraben ƙwai. Takin zamani da maganin kashe ciyawa da ke biyo bayansa sun fi shi ɓarna, domin takin da aka sayo don masara shi ne ke komawa ya ciyar da ciyayin da ba a so a cikin ruwa.

Mazauna yankin sun ga irin wannan ciyawa da idonsu. A ƙarshen shekarun 1980 wata irin kainuwa mai shuɗin fure, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta gangaro ta Kogin Kwara ta shiga tafkin, ta toshe mashigar jirage, ta riƙa yaga taru da koma. A ƙarƙashin shirin haɗin gwiwa na Nijeriya da Jamus don bunƙasa masunci a tafkin, wanda aka soma a 1993, an tara jama'ar ƙauyuka suna tsame ta da hannu, aka kuma gitta shinge a kan kogin daga arewa domin tare ta. Shirin ne kuma ya taimaka wajen hana amfani da dala, wato tarun nan mai ƙananan idanu da ake ja zuwa gaɓa domin kamun warangi, saboda yana haɗawa da 'ya'yan manyan kifaye ya kwashe.

Sai dai ba kowace ciyawar ruwa ce abokiyar gaba ba, kuma a nan ne aka fi samun saɓanin ra'ayi. Burugu, wadda karanta ke ƙara tsawo yayin da ruwa ke hawa har ta yi iyo a samansa, ta taɓa rufe fiye da kashi 40 cikin 100 na fuskar tafkin a wasu shekaru. Masu kula da samar da wuta sun ɗauke ta a matsayin mai shanye ruwan da ya kamata ya juya injuna. Ga makiyayi kuwa, ita ce harawar rani da ba ta da na biyu, ga masunci kuma ɗakin renon kifi. Masu bincike a New Bussa, inda Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa take, sun ba da shawara tun a shekarun 1980 cewa a riƙa yankanta ana ciyar da dabbobi maimakon a nemi kawar da ita. A ƙasar Mali, a fadamun Kogin Kwara na yankin Mopti, dasa burugu ake yi da gangan, ana sayar da damminta a kasuwa kamar kowane amfanin gona.

Abin da ake nema daga mai gona a bakin tafki bai taka kara ya karya ba ta fuskar kuɗi. Tun da yake ruwan Kainji kan hau ya sauka da kusan mita 10 a shekara, gaɓar tasa biyu ce. A ta sama, inda ruwa ke tsayawa idan ya cika, ana so a bar itatuwan da ke jure ambaliya kamar giyayya da bagaruwa, a kuma dasa jema a jere kusa da kusa. Saiwar jema kan nutsa mita 2 zuwa 3 a ƙasa ta ɗaure ta tamau, layinta yana tace ruwan da ke gangarowa daga gona, ganyenta kuma na shiga jinka da saƙar zana. A gaɓa ta ƙasa, inda ruwa ke rufewa ya buɗe, ana so a bar wa burugu wani yanki, a yanke ta sama-sama ba tare da tumɓuke ta ko cinna mata wuta ba. Wurin tsayar da jirage da mashayar shanu a keɓe su a wuri guda, maimakon kowa ya fasa tasa hanyar. Katangar siminti, wadda masu hali suka fi sha'awa, tana mayar da ƙarfin igiyar ruwa ne kan gonar maƙwabci, kuma babu ɗan kifin da zai sami mafaka a jikinta.

Ta fuskar doka ma ba a bar gaɓar a sake ba. Dokar soja mai lamba 13 ta 1997, wadda ta kafa Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wato NIWA, ta sanya filin da ke cikin mita 100 daga bakin hanyoyin ruwa na tarayya a ƙarƙashin ikon hukumar. A 2009 kuma Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idojin kare fadamu da bakin koguna da gaɓar tafkuna, waɗanda hukumar NESREA ke da alhakin aiwatarwa. Amma a tungayen da ke nesa da Lokoja da Abuja, dagaci da sarkin ruwa su ne ke sanin wanda ya share wane wuri, kuma maganarsu ce aka fi ji.

Babbar matsalar ita ce ta lissafi. Tsirin da ake roƙon manomi ya bari shi ne mafi albarka a gonarsa, inda albasa da shinkafa ke yi ba tare da wahalar ban ruwa ba, alhali ribar barinsa za ta fi zuwa ga masuncin da ke wata tunga. Haka nan mai bandar kifi, wanda sana'arsa ba ta tafiya sai da itace, itacen da ya fi kusa da shi shi ne na bakin ruwa. Da wuya mutum ɗaya ya ɗauki wannan asara don kansa, sai fa idan ƙauye ya yi yarjejeniya kowa ya bar daidai gwargwado, ko kuma ciyawar da aka bari ta zama abin sayarwa. A yankin da yawancin magidanta ke haɗa noma da su, hannun da ya yi asara a gona sau da yawa shi ne ke jan koma da asuba, abin da ke sa shawo kan jama'a ya fi sauƙi fiye da wasu wuraren.

Jami'an gwamnati sun sha bayyana a farkon shekarun 2020 cewa ƙasar nan na buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, alhali abin da ake samarwa a gida bai wuce miliyan 1.2 ba, ana cike wani ɓangare na giɓin da kifin ƙanƙara daga ƙasashen waje. Hukumar HYPPADEC, wadda dokar 2010 ta kafa domin raya yankunan da ke samar da wutar lantarki ta ruwa, mai hedkwata a Minna, tana cikin hukumomin da zaizayar ƙasa da ambaliya a garuruwan bakin tafkin suka shiga huruminsu. Lokacin dashen jema kuwa farkon damina ne, wato watannin Yuni da Yuli, sa'ad da ruwan tafkin ke can ƙasa, kafin farin ruwan da ke zuwa daga kogunan Sakkwato da Rima ya fara cika shi a watan Satumba.