Shin Ko Kun San? Tsaron Yaro a Dokar Riƙo da Ziyara

Idan aure ya mutu, gardama takan koma kan wa zai riƙe yara, kuma yaushe ɗayan zai riƙa ganinsu. Uwa na da haƙƙi, uba na da haƙƙi, amma daga littattafan fiƙihu har dokokin zamani, lafiyar yaron ake sa wa a gaba.

Shin ko kun san cewa a mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'ar Musulunci na arewacin Najeriya ke bi, uwa ce ta fi cancantar riƙon ɗanta bayan saki? Namiji yana hannunta har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta rasu ko ta yi wani auren, riƙon yakan koma ga kaka ta wajen uwa, sannan yayar uwa ko ƙanwarta. Haka ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, tun ƙarni na 10. Ciyarwa da tufatarwa kuwa suna nan a wuyan uba.

Shin ko kun san cewa riƙon nan yana da sharuɗɗa? Muhtasar na Shaihu Halil ya lissafa hankali, da iya ɗawainiya, da amana, da kuɓuta daga cuta mai yaɗuwa da za ta iya kama yaron, da kuma gida mai tsaro ga yarinyar da ake jin tsoron a lalata ta. Mashayin da ya yi ƙaurin suna ba ya cikin masu amana. Namijin da riƙo ya zo kansa kuwa, sai yana da macen da za ta kula da yaron a gidansa.

Shin ko kun san cewa malaman sun yi maganar tafiya ma? Uban da zai ƙaura zuwa gari mai nisan mil 72 ko fiye, a lissafinsu, yana iya tafiya da ɗansa, amma sai in hanyar na da aminci, garin da za a je ma yana da aminci.

Shin ko kun san cewa sashe na 1 na Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Najeriya ta 2003 ya wajabta fifita maslahar yaro a duk matakin da ya shafe shi? Jihar Kano ta sami nata dokar kare yara a 2023. Masu auren rajista kuwa, sashe na 71 na dokar shari'o'in aure ta 1970 ya ɗora wa alƙali wannan ma'auni.

Shin ko kun san cewa Ghana ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989? Nijar ta amince a 1990, Najeriya a 1991. Sashe na 9 na yarjejeniyar ya bai wa yaro haƙƙin hulɗa da iyayensa biyu, sai in hulɗar za ta cuce shi. Sashe na 12 kuma ya ce a saurari bakinsa gwargwadon shekarunsa da wayonsa.

Shin ko kun san cewa wata doka a Amurka sunan yarinya 'yar shekara 7 take ɗauke da shi? Kayden ta rasa ranta a hannun mahaifinta a watan Agustan 2018 a jihar Pensilbaniya, lokacin wata ziyara da kotu ta amince a yi ba tare da mai sa ido ba, duk da cewa mahaifiyarta ta yi ta gargaɗi kan tarihinsa na duka. A 2022 aka sa Dokar Kayden cikin dokokin tarayya. Ta yi alkawarin ƙarin kuɗi ga jihohin da suka tilasta wa alƙalai duba tarihin cin zarafi kafin yanke hukunci, suka kuma ba su horo na awa 20 da farko, da awa 15 duk shekara 5. Jihar Kolorado ce ta fara bin sahu a 2023, ita Pensilbaniya ta yi tata a 2024.

Shin ko kun san cewa a Ingila wani rahoton ƙungiyar Women's Aid na 2016 ya ƙirga yara 19 daga iyalai 12 da ubanninsu suka kashe tsakanin 2005 da 2015, bayan an ba su damar ganin yaran? Wata dokar ƙasar ta 2021 ta ɗauki yaron da ke gani ko jin ana cin zarafin wani a gidansu a matsayin wanda aka zalunta shi ma. Ta kuma hana wanda ake zargi da cin zarafi yi wa wadda ya zalunta tambayoyi da bakinsa a kotun iyali.

Shin ko kun san cewa Ostireliya ta yi gyara a kan gyara? A 2006 ta kafa ƙa'idar cewa iyaye biyu su raba alhakin yaro daidai wa daida. Da aka ga mutane na ɗaukar haka a matsayin raba kwanakin yaro gida biyu ko da akwai haɗari, sai aka soke ƙa'idar daga watan Mayun 2024.

Shin ko kun san cewa Yarjejeniyar Heg ta 1980 ta ce a mayar da yaron da uwa ko uba ya gudu da shi wata ƙasa, amma ta bar wa kotu ƙofar ƙin mayarwa idan komawar za ta jefa shi cikin babban haɗari?

Shin ko kun san cewa tsakanin bari da hanawa akwai matakai? Alƙali na iya cewa a yi ziyara a gaban amintacce, ko da rana kawai ba kwana, ko wani ya riƙa kai yaron yana ɗauko shi don kada iyayen su haɗu. Hukuncin riƙo ma ana iya sauya shi idan hali ya sauya. Wanda ya ga tabon duka a jikin ɗansa bayan ziyara, ya kai shi asibiti, ya adana takardar likita, ya koma gaban alƙali da shaidu. Ɓoye yaro ko sace shi yakan raunana hujjar mai gaskiya a kotu.