Injin da ba ya shan mai

Ɗan'uwa mai karatu, ka lura damana ta sake hali? A da, manomi ya san lokacin shibka. Yanzu ruwa ya sauka, ka shibka, sai ya ɗauke kwana ashirin, hatsi ya ƙone. Wata shekara kuma ya yi yawa. A 2024 ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a jahar Maraɗi. A Damagaram har tsohon masallacin Birni ya faɗi.

Masana sun ce duniya ce take ƙara zafi. Ga dalili. In an ƙona man fetur, ko gazuwal, ko kwal, wata iska tana fita tare da hayaƙin. Ido ba ya ganin ta. Tana taruwa a sama kamar bargo. Zafin rana ya shigo, ya kasa fita duka. Shi ke rikita ruwa da iska.

Manyan ƙasashe irin su Sin da Amurka su suka fi ƙona mai da kwal. Namu kaɗan ne, amma wahalar ba ta tsallake mu ba. A 2015 ƙasashen duniya sun taru a Paris, sun yi alkawarin rage wannan hayaƙi.

To, mu fa? Mu muna da rana. A Malbaza, cikin jahar Tawa, tun 2018 akwai tasha mai ba da lantarki da hasken rana.

Duba garkarka ma. Mai noman albasa ya san abin da injin ban ruwa yake sha. Ran da mai ya yi tsada, ribar ta tafi gidan mai. Ran da babu shi, albasa ta yi yaushi. Akwai injin da ba ya shan mai. Faranti ne ake kafawa yana kallon sama. Rana ta fito, ruwa ya hau.

Ba zan ɓoye maka ba, sayensa da tsada. Mutum guda ba kasafai yake iyawa ba. Shi ya sa masu garka suke haɗa kuɗi cikin ƙungiya, su saya tare, su raba ranakun ban ruwa.

In kun samu, ku riƙa goge farantin da tsumma mai laushi, don ƙurar hunturu tana rage masa ƙarfi. Kuma kar ku bar shi yana zuba don kun ga ba ku biyan mai. Rijiya tana ƙafewa. In fangali ya cika, a kashe.