Tukunyar Girki a But ɗin Mota: Lissafin Gas da Fetur a Magariya da Dungas

Shekara da shekaru, mai mota ko ɗan kabu-kabu a Magariya da Dungas ba ruwansa da gidan mai. Mansa yana bakin titi, a kwalabe da jarkoki, hannun ƴan ruwa-ruwa da ke shigo da shi ta wajen Babban Mutum, Baɓura da Maigatari. Gwamnatin Najeriya ce ke biyan tallafin, mutanen kudancin jihar Damagaram na shan romon. Ko rufe iyakar da aka yi daga watan Agusta na 2019 zuwa Disambar 2020, da hana kai mai gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka, ba su kashe sana'ar ba, don muddin akwai riba, hanyar daji ba ta ƙarewa.

Abin da jami'an tsaro suka kasa, jawabi ɗaya ya yi shi. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafin. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta tashi zuwa wajen 500 cikin ƴan kwanaki, kuma a watan Oktoba na 2024 ta haura naira 1,000. A tsakiyar wannan aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, aka sake rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. Da aka buɗe, man da zai biya wahalar fasa-ƙwauri ya yi ƙaranci. Nauyin Nijar gaba ɗaya ya koma kan matatar SORAZ da ke kusan kilomita 50 arewa da birnin Damagaram a hanyar Tanut, wadda aka buɗe a Nuwambar 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a yini. An gina ta ne lokacin da man Najeriya ke cike wani babban giɓi ba tare da an rubuta shi a littafin kowa ba. A watan Maris na 2025 giɓin ya fito fili: dogayen layuka a gidajen mai, kamfanin man gwamnati SONIDEP na bayanin cewa abin da matatar ke fitarwa bai isa ba.

A wannan yanayi ne idon masu inji ya koma kan tukunyar gas ɗin girki, kuma ba haka kawai ba. Ga lissafin. Farashin hukuma na cika tukunya mai kilo 6 sefa 1,800 ne, wato sefa 300 kowane kilo. Litar fetur kuwa, bayan ragin da gwamnati ta yi a Yulin 2024 daga 540, ta tsaya a 499. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da ƙarfin wuta daidai da kusan lita 1.4 ta fetur. Ke nan ƙaramar tukunya ta jika ɗaya da ɗoriya tana iya aikin fetur na sama da jika huɗu. Motar haya da ke shan lita 10 a yini, fetur zai ci mata kusan sefa 5,000, gas kuma wajen 2,100. Ko an cire abin da haɗin gareji ke ɓarnatarwa, da ƴan kuɗin da dillalin ƙauye ke ɗorawa a kan farashin hukuma, abin da ya saura a wata ya isa ya sa mai hankali ya tsaya ya yi tunani. Duk wanda ke kallon masu wannan juyi a matsayin jahilai bai zauna ya yi wannan lissafin ba.

Injin da ya fi saurin karɓar gas ba mota ba ce, injin ban-ruwa ne da ƙaramin janareto. A fadamun Korama, da lambunan wajen Bande da Wacha inda ake noman rake, albasa, kabeji, tumatir da barkono, kuɗin mai na cikin abin da ya fi cin aljihun mai noman rani. Juya irin wannan inji abu ne mai sauƙi: a sauya kafireta da wadda ke karɓar gas, ko a huda wadda ke akwai a saka bakin tiyo, a haɗa da kan tukunya. Injin ƙarami ne, gudunsa ɗaya daga safe har yamma, tukunyar na tsaye a ƙasa, a fili, iska na kaɗawa. In gas ya ɗan tsiyaya, iska ta kwashe shi. A nan amfanin ya rinjayi haɗarin nesa ba kusa ba, matuƙar tiyon na ƙwarai ne kuma ba a jingina tukunyar da salansa ba.

Matsalar ita ce nasarar lambu na sa a ɗauka mota ma haka take. Ba haka take ba.

Tukunyar girki an ƙera ta ne ta tsaya a tsaye ta riƙa ba da gas kaɗan-kaɗan. Abin da ke cikinta ruwa ne, sai ya ja zafi daga jikin ƙarfen kafin ya zama iskar da ke fita ta sama. Murhu bai fi ƙarfinta ba, ƙaramin inji ma haka. Injin mota kuwa, da zarar an taka totur a kan yashi ko da kaya niƙi-niƙi ranar kasuwa, yana zuƙar abin da ya ninka haka sau da yawa. Sai tukunyar ta yi sanyi, raɓa ta keto mata, har ƙanƙara ta kama gindinta, ƙarfin gas ya faɗi, mota ta fara shaƙewa. Daga nan ne dabarun banza ke farawa: a kwantar da tukunyar ko a kifa ta, a cire abin da ke daidaita ƙarfin gas don ya riƙa zuwa kai tsaye, ko a matsar da ita inda za ta ji ɗumi. Kwantar da ita na nufin ruwan gas ne zai bi tiyon roba da aka yi domin iska, alhali ruwan nan idan ya sami hanya yana buɗewa ya ninka girmansa kusan sau 250.

Sannan gas ɗin girki ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama ya watse, kwanciya yake yi a ƙasan but da ƙarƙashin kujeru. Warin da ake sa masa don a gane tsiyaya yana iya ɓacewa cikin warin mai, kifi da awaki a motar kasuwa. Tartsatsi ɗaya daga wayar fitilar baya da aka naɗe da leda, ko sigarin wani fasinja, ya wadatar. A ƙara da zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da inuwa ma kan haura digiri 40, balle cikin but ɗin da ya yini a rana. Tukunyar da aka cika ta maƙil a wurin ɗura na bayan fage ba ta da sararin da ruwan zai buɗe.

Ba wai mota ba ta tafiya da gas lafiya ba. A Turkiyya motoci sama da miliyan 4 da shi suke yawo, haka ma akwai su birjik a Italiya, Polan da Koriya ta Kudu. Amma abin da ke cikin waɗannan motoci daban ne: tanki mai kauri da aka ɗaure da kusoshi a jikin mota, bawul da ke tsayar da ɗuri idan ya kai kashi 80 cikin 100, wani da ke rufe gas da kansa da zarar inji ya mutu ko bututu ya tsinke, bututun ƙarfe a maimakon roba, mafitar iska zuwa waje, da na'urar da ke amfani da ruwan zafin lagireto wajen mayar da ruwan gas iska. Kowane ɗaya an sa shi ne saboda wani haɗari da aka riga aka gani. Haɗin da ake yi a gida da tiyon murhu da igiyar roba ba shi da ko ɗaya daga ciki.

Akwai kuma ruɗanin da ke ƙetarowa daga Najeriya, inda tun 2023 gwamnati ke tallata juya motoci zuwa wani nau'in gas da ake kira CNG. A baki duka "gas" ne, amma CNG ana matse shi ne da ƙarfin da ya kai 200 a ma'aunin bar, na girki kuwa bai cika wuce 10 ba. A Oktobar 2024 wata mota ta tarwatse a gidan ɗura CNG a birnin Benin na jihar Edo, kuma bincike ya nuna tukunyar da ke cikinta ta walda ce, ba wadda aka ƙera domin wannan aiki ba. Yankin da bakanikensa da kayan gyaransa ke kai da komo tsakanin Kano, Daura da Magariya ba zai ce wannan labarin wasu ne ba.

Ɓarna ta biyu ba a but take ba, a madafa take. Arhar gas a Nijar ba daga sama ta faɗo ba. Hukuma ce ta tsayar da farashin a ƙasa bayan SORAZ ta fara aiki, da niyyar matan gida su rage dogaro da itace da gawayi. Ga Magariya wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin ita da Matamaye da Mirya ne aka sani a duniya da yadda manoma suka dawo da gawo cikin gonakinsu tun daga shekarun 1980, ta hanyar barin tsiron da ya fito da kansa su yi renonsa. Motar da ke shan kilo 7 a yini tana cinye fiye da ƙaramar tukunya guda, wadda ƙaramin gida ke girki da ita kwana da kwanaki. Idan irin waɗannan motoci suka yi yawa, tukunya ta yi wuya a kasuwa, uwargida a gari ta koma sayen itace, mai gatari kuma ya nufi gona. Ga kuma jan da kasuwar kudu ke yi, tunda a 2024 kilon gas a Najeriya ya wuce naira 1,000.

Wasu ƙasashe sun riga mu shiga wannan rami. A Gana ƴan tasi sun rungumi gas mai tallafi har ƙarancinsa ya riƙa addabar gidaje, kuma a 2013 gwamnati ta janye tallafin, mai girki ya biya kuɗin abin da mai mota ya sha. A Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso an haramta wa tasi aiki da tukunyar girki, amma direbobi sun ci gaba, saboda haramci ba ya goge bambancin farashi.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a haɗa mai lambu da mai mota a hukunci ɗaya. Injin ban-ruwa a kan gas abu ne da ya cancanci hukumar noma da ƙungiyoyin manoma su tsaya masa: a koya wa masu gyara haɗin da ya dace, a samar da tiyo da kan tukunya masu inganci a kasuwannin Magariya, Dungas da Dan Ciyawo, a kuma sa buƙatar lambu cikin kason gas da ake turo wa yankin lokacin rani. Mota kuwa hanya biyu gare ta: ko tanki na gaskiya da wurin ɗura na musamman, ko ta tsaya a kan fetur. Jihar da matatar ƙasa take cikinta ba ta rasa hujjar neman a fara gwada irin wannan wurin ɗura a Damagaram ba, da farashin da ya ɗara na girki amma bai kai na fetur ba. Ko an sayar da kilo a sefa 450, direban da ke shan lita 10 a yini zai biya wajen 3,200 a maimakon 5,000.

Wani abu da masu lissafin riba kan manta shi ne injin kansa. Gas busasshe ne, ba ya sanyaya bawul yadda fetur ke yi, kuma idan haɗinsa da iska ya yi ƙaranci zafin ƙonewa na ƙaruwa. Tsofaffin injuna irin na Peugeot 504 da sauran motocin da ke jigilar ƴan kasuwa a waɗannan hanyoyi sukan nuna hakan a mazaunin bawul: ƙarfi ya ragu, tashi da safe ya yi wuya, a ƙarshe sai an sauke kan inji. Fulogi da baƙin mai dai sun fi daɗewa da tsabta a kan gas, amma kuɗin gyaran kan inji sau ɗaya na iya cinye ribar watanni.