Wa Ke Nuna Wa Kwamfutar Ɗan Kasuwa Hanyar Banki?

Ɗan kasuwar da ya buɗe kwamfutarsa a ofis da safe, ya sake buɗe ta a filin jirgin sama da rana, kana ya kwana da ita a otal, ya sauya ɗan jagora a intanet har sau uku ba tare da saninsa ba. Wannan ɗan jagora shi ne DNS, tsarin da Paul Mockapetris ya ƙirƙiro a Amurka a 1983. Aikinsa tamkar na littafin lambobin tarho ne: a ba shi sunan shafin banki, ya fito da lambar da kwamfuta za ta kira.

Bisa al'ada, duk Wi-Fi ɗin da aka hau shi ke miƙa wa kwamfuta adireshin DNS ɗinsa, ita kuwa ta karɓa ba musu. Akwai sauƙi a nan, to amma amana ce aka damƙa wa baƙo, domin idan an yi wa na'urar otal kutse ana iya karkatar da mai neman bankinsa zuwa shafin jabu. Irin wannan karkatarwa akwai kuɗi a cikinta. A watan Nuwamba na 2011 hukumar FBI ta Amurka ta bankaɗo wani gungu a ƙasar Estoniya wanda ya baza muguwar manhajar DNSChanger cikin kwamfutoci kimanin miliyan 4, ya riƙa kora jama'a zuwa shafukan talla, har ya tara aƙalla dala miliyan 14.

Saboda haka ne wasu ke kafe adireshi guda, kamar 8.8.8.8 na Google, wanda aka buɗe a 2009, ko 1.1.1.1 na Cloudflare, na 2018. Sai dai wannan ma yana da tasa hasarar. Shafin shiga na wasu otal-otal kan ƙi fitowa. Mafi muni kuma, rumbun takardun kamfani, wanda DNS ɗin ofis kaɗai ya san sunansa, sai ya ɓace wa akawu ranar biyan albashi, a yi ta zargin intanet alhali laifin saiti ne.

Abin da ya fi dacewa shi ne kowane Wi-Fi ya sami nasa saitin, na'ura ta riƙa sauyawa da kanta. Windows 11 da iPhone duk suna adana DNS daban ga kowane Wi-Fi, don haka ana iya barin na ofis yadda yake, a sa amintacce ga na otal ɗin da aka saba sauka. Wayoyin Android kuwa, tun daga fitowa ta 9 a 2018, suna da saiti guda da ke bin mai waya duk inda ya je, tare da ɓoye tambayoyinsa daga idon mai Wi-Fi. Aikin mintoci kaɗan ne ga ma'aikacin kwamfuta na kamfani, kuma ba ya cin ko kwabo.