Yadda ake gadin dazuzzukan pin daga baƙon ƙwaro

Yau za mu yi magana bisa wani icce da ake kira pin. Ganyensa kamar allura yake. Ana shuka shi da yawa a ƙasashe masu sanyi, don katako da takarda.

Wannan icce yana da maƙiyi, wani irin zanzaro mai suna sireks. Asalinsa Turai, Asiya da Arewacin Afirka ne. Can ba ya ɓarna sosai, don akwai ƙwarin da ke cin shi. Amma ya bi katako cikin jiragen ruwa, ya sauka inda ba shi da maƙiyi. An gan shi a Birazil a 1988, a Afirka ta Kudu a 1994, a Amurka a 2004. A kudancin Ostareliya, daga 1987 zuwa 1989, ya kashe itatuwa miliyoyi.

Ga yadda yake kisa. Macen tana huda icce, ta zuba ƙwai, da dafi, da wata funfuna. Funfunar tana toshe hanyar ruwa, icce ya bushe. Tsutsa kuwa ta yi ta ci daga ciki.

To, ina dabara? Ma'aikatan daji suna zagaye suna neman alamu uku: ƙaro yana ɗiga a jikin icce, ganye ya koma ja, da ƙananan ramuka zagayayyu inda ƙwaron ya fito. Suna rataya tarko mai ƙamshin ƙaron pin. Kuma suna raunana ƴan itatuwa da gangan, don macen raunanan itatuwa take so. Bayan watanni a sare su, a tsaga, a duba. In an samu tsutsa, sai a kawo wata ƴar mitsitsiyar tsutsa mai shiga jikin ƙwaron ta ɓata ƙwansa.

A shekarar 2002, ƙasashen duniya suka kafa doka: katakon ɗaure kaya sai an gasa shi har cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30, ko a yi masa hayaƙin magani, kafin ya ƙetare iyaka.

Akwatunan katako suna shigowa ƙasarmu ma. Wanda ya ga baƙon ƙwaro cikinsu, ya kai wa ma'aikatan gandun daji. Rigakafi ya fi magani.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.